Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Zamfara Kan Yaranmu Masu Kutsen Kwamfuta

Mai girma Gwamnan Jihar Zamfara, Dauda Lawal, tare da 'yan Majalisar Dokoki ta Jiha da duk masu riƙe da harkar ilimi da fasaha,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya yi riƙo da hannuwanku, ya kawo mana ƙarshen rashin tsaron da ya addabi garuruwanmu da ƙauyukanmu.

Ranka shi daɗe, na rubuto ne da yawun wasu 'ya'yan jihar nan da ba a cika jin muryarsu ba, wato mu da muka yi ƙuruciya a shagunan intanet na Gusau, muka koyi cikin kwamfuta da bayanta ba tare da aji ko malami ba. Yau wasunmu suna gyaran waya da kwamfuta a kasuwa, wasu suna kula da na'urorin asibitoci da makarantu masu zaman kansu, wasu sun tafi Abuja da Legas, 'yan kaɗan kuma suna yi wa kamfanonin ƙasashen waje aiki daga ɗakunansu a Tudun Wada da Samaru. Akwai kuma abokanmu da hanya ta karkace da su, kuma tunaninsu ne ya hana mu yin shiru.

Mun yi murna da ka ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Nuwamban 2023. Sai dai a duk zancen da ake yi na matasa da fasahar zamani, akwai yaron da ba a tunawa da shi sai ranar da aka kama shi. Shi ne wanda latsa waya bai ishe shi ba, sai ya san abin da ya sa ta amsa. Idan manhaja ta ce masa "ba ka da izini", ba ya iya barci sai ya gano yadda ta san ba shi da izinin. Mutane suna ce musu 'yan dandatsa ko masu kutse. Mu mun san su, don mu ma daga cikinsu muka fito.

Bari in ɗan faɗi yadda muka tashi, saboda duk abin da zan roƙa daga nan ya samo asali.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, amma shekaru bayan haka intanet a Gusau tana cikin shago ne kawai. Katon faranti a kan rufi yana kallon tauraron ɗan'adam, janareto yana ruri a baya, kwamfutoci jere a kan tebur da katako a tsakaninsu, yawanci tsofaffi masu Windows XP da aka sayo na hannu. Ka biya kuɗin rabin awa ko awa guda, a ba ka 'yar takarda mai lamba, agogo ya fara cin lokacinka tun shafi bai gama buɗewa ba. Wanda ya tara kuɗin tara na mako yakan yi kwanan shago, daga bayan isha'i har kiran asalatu, don da dare ya fi araha kuma layin ya fi gudu. Ba hira muke zuwa yi ba. Muna kwashe shafuka ne mu zuba a filash, mu koma gida mu karanta da ƙamus a gefe, domin duk da Turanci aka rubuta su, Turancinmu kuma na makarantar gwamnati ne.

Makarantarmu ta farko ita ce cutar kwamfuta. A lokacin akwai wadda ke bin filash daga na'ura zuwa na'ura, ta ɓoye takardun mutum ta bar masa hotonsu na bogi. Ɗalibi zai zo ido ya yi ja, kundin kammala karatunsa ya ɓace saura kwana biyu ya miƙa. Ma'aikacin gwamnati zai zo da jerin albashin sashensa duka ya salwanta. Da muka gane cewa takardun suna nan, ɓoye su kawai aka yi, kuma layi ɗaya na umarni a baƙin allo yana dawo da su, sai muka zama mutane a unguwa. Daga nan muka fara tambayar yadda cutar take yin aikinta, sai muka buɗe ta muka karanta. Wani a cikinmu ya gano cewa kamfanin da ke yin Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, yana aiko da faifanta kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, tsarin da ya ci gaba har 2011. Ranar da ambulan ɗin ya iso Gusau, faifan ya zaga hannuwa har ya karce. A nan muka fara ganin manhajar da ba a ɓoye cikinta ba, wato Linux, wadda wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya dasa tushenta a 1991 yana da shekara 21.

Muna da al'adarmu, ko da yake ba wanda ya rubuta ta. Wanda ya gano abu, dole ya nuna wa saura. Ana girmama mutum gwargwadon abin da hannunsa ya iya, ba a tambayar ɗan wane ne. Ɗan mai faci yakan zaunar da ɗan babban sakatare ya koya masa, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. Har yau ban sake zama a wurin da ake son sani don sanin kansa kamar waɗancan darare ba.

Da wayoyin Nokia masu manhajar shiga intanet ta Opera Mini suka yawaita, sai zamanin burawuzin kyauta ya zo. Ana yawo da wasu lambobi da ake sakawa a saitin waya, sai ta hau intanet ba tare da an cire ko kwabo ba, har kamfani ya toshe, a sake nemo wata kafa. Kusan duk matashin da ke da irin wayar ya taɓa wannan. A nan ne iyaka ta fara dushewa tsakanin gwaninta da cin haƙƙin wani, kuma babu babba ko ɗaya, a makaranta ko a masallaci, da ya fahimci abin har ya iya ce mana komai a kai.

Mu dai Allah ya haɗa mu da mai shago na kirki. Yana barinmu mu gyara masa na'urori a madadin lokacin kyauta, ya ware mana tsohuwar kwamfuta guda ya ce mu lalata ta yadda muke so in dai za mu tayar da ita kafin safiya. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma yakan maimaita shi: "Duk wanda ya buɗe saƙon wani, ba ni ba shi." A wasu shagunan kuwa wasu manya ne daban suke zuwa, da mota da sabuwar waya, suna neman yaro mai kaifin kai. Mafi hazaƙa a cikin sa'o'inmu a hannunsu ya faɗa. Shi ne ya fara koya mini yadda kwamfutoci biyu ke magana da juna. Ya fara da rubuta musu wasiƙun yaudara, ya koma kwashe kalmomin sirrin mutane, ya ƙare a gidan yari, kuma mahaifiyarsa ta rasu yana ciki. Kaifin kanmu ɗaya da shi, ko ma ya fi mu. Babban da ya riga kai wa gare shi ne ya bambanta.

Ranka shi daɗe, shagunan nan yawanci sun mutu, waya ta kashe su. Yaron yau yana ɗakinsa shi kaɗai, kuma masu koya masa suna cikin zaurukan Telegram da WhatsApp, mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Babu mai shagon da zai gindaya masa sharaɗi. Wannan ne kukanmu na farko, kuma shi ne babba: yaro mai wannan baiwa ba shi da wurin halal da zai gwada ta. Ɗakunan kwamfuta na makarantu da yawa da muka shiga gyara, mun tarar da su a kulle, na'urori lulluɓe da leda, ko don babu wuta ko don shugaban makaranta yana tsoron a lalata a tambaye shi. Inda ake buɗewa kuma, abin da ake koyarwa bai wuce buga takarda ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma har yanzu muna ganin yaran ƙauye da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka riƙe linzamin kwamfuta. Idan mai neman na farko bai samu ba, ina ga wanda ya riga ya wuce malaminsa? Ruwan sama idan bai samu magudana ba, gidajen mutane yake shiga, kuma mun ga haka da idonmu a kan yaran nan. 'Yan mata kuwa abin nasu ya fi muni. A zamaninmu babu yarinyar da za ta yi kwanan shago, don haka rabin masu baiwar ba su ma samu damar sanin suna da ita ba, kuma har yau babu abin da ya maye musu gurbin.

Kuka na biyu shi ne babu ƙofar da mai gaskiya zai ƙwanƙwasa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, kuma muna goyon bayan haka. Amma ga abin da ke faruwa a ƙasa. Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya shiga shafin wata cibiya don duba bayanansa, sai ya lura cewa idan ya canja lamba ɗaya a adireshin shafin, bayanan wani ne ke fitowa: suna, hoto, lambar waya, ranar haihuwa. Bai kwashi komai ba. Ya rubuta musu cikin ladabi ya nuna musu ɓarakar. Amsar da ya samu ita ce barazanar za a haɗa shi da hukuma. Ɓarakar ta daɗe a buɗe bayan haka, shi kuma ya rantse ba zai sake faɗa wa kowa irin wannan ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, amma ta yaya zai tsare abin da ya tsorata mai nuna masa? A jihar da ake sace mutane don kuɗin fansa, jerin sunaye da lambobin waya da adireshi a buɗe ba ƙaramin haɗari ba ne.

Wasu ƙasashen sun riga mu gane wannan. A 2016 ma'aikatar tsaron Amurka, wadda ta fi kowa abin ɓoyewa, ta gayyaci masu kutse su gwada wasu shafukanta bisa sharuɗɗa. Sama da mutum 1,400 suka yi rajista, aka tabbatar da ɓaraka 138, aka biya waɗanda suka gano su lada, har da wani ɗan sakandare mai shekara 18 a cikin waɗanda aka yaba wa. A 2022 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta sanar cewa ba za ta gurfanar da mai binciken tsaro da ya yi aikinsa da kyakkyawar niyya ba. A Birtaniya, hukumar yaƙi da manyan laifuka ta fitar da rahoto a 2017 da ya nuna matsakaicin shekarun waɗanda take zargi da irin wannan kutse 17 ne, wato yara ne, kuma yawancinsu neman yabon sa'o'i ne ya fara ja musu gaba kafin kuɗi. A Holan, 'yan sanda da masu gabatar da ƙara suna da shirin Hack_Right, inda matashin da aka kama karon farko ake haɗa shi da ƙwararru su koya masa doka da aikin halal. A watan Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfuta ta WannaCry ta durƙusar da na'urorin asibitocin Ingila, wanda ya taka mata birki wani saurayi ne mai shekara 22, Marcus Hutchins, wanda ya koyi aikin a ɗakinsa. Bayan watanni kaɗan aka kama shi a Amurka kan wata muguwar manhaja da ya rubuta tun yana ƙarami. Ya amsa laifinsa, a 2019 alƙali ya duba yadda ya riga ya juya ya sallame shi ba tare da ƙarin ɗauri ba. Abokina na shago bai samu wanda zai duba shi haka ba.

Na uku, shi ne yadda kwamfuta tafi-da-gidanka ta zama shaidar laifi a kan hanya. Matashi ya rataya jaka, a tare shi, a ce ya buɗe waya, a shiga saƙonninsa da asusunsa na banki. Idan aka ga baƙin allo mai rubutu, shi ke nan an samu ɗan yahu. An taɓa tsare wani yarona yini guda da kwamfutocin mutane da ya ɗauko gyara, sai da na je da rasitai. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin wasiƙun ɗan ƙasa da maganganunsa na waya, kuma irin wannan cin zarafi yana cikin abin da ya fito da matasa kan titi a zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020. Illarsa a nan ita ce iyaye sun fara tsoron abin. Na san uban da ya sayar da kwamfutar ɗansa don kada a ce gidansa akwai ɗan damfara. Yaron ya koma koyo a ɓoye, a waya, a wurin da ba mai ganinsa.

Ba zan tsallake 2021 ba. A ranar 3 ga Satumba aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya bisa buƙatar gwamnatin lokacin. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba. Mun san dalilin, kuma mu ma muna da 'yan'uwa a ƙauyukan da ake kai wa hari. Amma waɗanda ke ci da intanet a cikinmu sun rasa ayyukansu a makonnin farko, don mai ba ka aiki daga waje ba ya jiran ka. Wasu suka koma Kano da Kaduna da Sakkwato, kuma da yawa ba su dawo ba. Su ne ya kamata a ce suna koyar da ƙannenmu yanzu.

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da jama'armu suka fi buƙatar masu wannan ilimi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, mai shayi da mai sayar da hatsi da tsohuwa mai ƙuli-ƙuli duk sun koma tura kuɗi ta waya da na'urar POS. 'Yan damfara sun biyo su. A kira dattijo a ce daga banki ne, za a rufe asusunsa idan bai karanto lambar da aka turo masa ba. A kira mace a ce za a yi taron ƙungiya ta waya, ta faɗi lamba, a ƙwace mata WhatsApp a bi 'yan'uwanta da roƙon kuɗi da sunanta. A ba matashi 'yan dubbai ya buɗe asusu da BVN ɗinsa ya miƙa, ranar da aka bi sawun kuɗin haram a ƙofarsa za a tsaya. Kullum ana kawo mana irin waɗannan a shago bayan aikin gama ya gama. Wanda zai iya yi wa mutanenmu bayanin wannan da Hausar da suke ji, shi ne yaron nan da ake kallo a matsayin abin zargi.

Saboda haka, ranka shi daɗe, ga abin da muke roƙo.

A buɗe ɗakunan gwaji da yamma da ƙarshen mako, a fara da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jiha a Talata Mafara, a nemi haɗin kan Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau. Abin da ake buƙata bai da yawa: hasken rana, tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka jingine, Linux wadda kyauta ce, da na'urori da aka haɗa a keɓe musamman don a fasa su a koyi toshe su. Kada a nemi takardar shaidar karatu a ƙofa, domin da yawa daga masu baiwar nan a teburin gyaran waya suke, wasu ma almajirai ne. A ware wa 'yan mata lokacinsu da rana, da mata masu kula da su. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na horar da matasa fasahar zamani, wanda aka fara a 2023, yana da darasin tsaron intanet, amma yana buƙatar kwamfuta da data da wuta, waɗannan ɗakuna su ne za su sa ɗan talaka ya amfana da shi.

A sa gasar shekara-shekara tsakanin ƙananan hukumomi 14, irin wadda ake ɓoye amsa a cikin na'ura a ce a nemo ta. Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka tana gudanar da irin wannan gasa mai suna picoCTF kyauta ga ɗalibai tun 2013, ana iya fara horo da shi gobe. Yaron da Gwamna ya miƙa wa kyauta a bainar jama'a, mahaifinsa ba zai sayar masa da kwamfuta ba.

Gwamnati ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida kan shafukanta da na hukumominta: ga adireshin da za a kai rahoton ɓaraka, ga kwanakin da za a amsa a ciki, ga alkawarin cewa wanda ya nuna ɓaraka bai kwashi bayani ba, bai lalata komai ba, bai nemi a saye shirunsa ba, ba za a kai shi ƙara ba. Dokar laifukan intanet ta tarayya ce, amma izinin taɓa na'urorin jiha a hannunka yake. Wannan ba ya cin kuɗi, sa hannu kawai yake buƙata, kuma muna roƙon Majalisa ta mayar da shi doka don kada ya tafi da tafiyar gwamnati.

Ma'aikatar shari'a ta zauna da 'yan sanda da hukumar EFCC a samar da hanyar gyara ga yaro ƙarami da aka kama karon farko bai ci kuɗin kowa ba. Wanda ya ci dukiyar mutane, doka ta yi aikinta a kuma dawo wa masu haƙƙi da haƙƙinsu; ba mu zo roƙa wa ɓarawo ba. A taron majalisar tsaro ta jiha kuma, muna roƙon ka ɗaga maganar binciken waya a kan hanya ba da umarnin kotu ba. Idan har wata rana tsaro ya sake tilasta katse layi, a tanadi cibiyoyi masu intanet ta wayar da aka binne a ƙasa a manyan garuruwa, inda ɗalibi da ma'aikaci za su shiga da katin shaida.

Malamanmu ma a jawo su ciki. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma yaranmu suna buƙatar su ji daga mumbari cewa buɗe wayar wani da karanta saƙonsa yana ƙarƙashin wannan hani, cewa kuɗin da aka janye daga asusun wani ba a gan shi ba sata ce ko da mai shi yana wata ƙasa. A shirya wa limamai da malaman Islamiyya bita su fahimci yadda abin yake, don huɗubarsu ta sauka a inda ya kamata.

Mu a namu ɓangaren, a shirye muke mu koyar kyauta a ƙarshen mako, mu haɗa na'urorin da hannunmu, mu tsara tambayoyin gasar, mu kuma kira 'yan'uwanmu da ke Kano da Abuja da Legas su ba da lokacinsu. Muna roƙon ka wakilta jami'i guda da za mu zauna da shi, mu kawo masa jerin kayan da ɗaki ɗaya ke buƙata da kuɗinsu, a fara da shi kafin zangon karatu mai zuwa.

Allah ya taimaki Gwamna, ya zaunar da Zamfara lafiya.

Wassalam.

Naka, mai gyaran kwamfuta a Gusau,
a madadin 'yan'uwansa na shagunan intanet.